KWAGE NA DAMBANAS: BIN SAWUN WANI MANOMI CIKIN TSOFAFFIN TAKARDU

 

A taron da muka yi bayan salla, wani dattijo daga cikinmu ya yi wata tambaya wadda ta sa zaure ya yi tsit. Ya ce kowa a nan ya san Tanimun, kowa ya san Amadu Kuran Daga, yaran lakwal ma suna jera sunayen sarakunan Damagaram ba tuntuɓe. To, wa zai faɗa masa sunan mutum ɗaya tak wanda ya noma hatsin da dawakin sarakunan nan suka ci? Ba wanda ya amsa. Da aka ci gaba da magana sai muka tarar yawancinmu, in ana jera asali, ba mu wuce kakan uba. Daga nan sai duhu.

Wannan tambaya ce ta sa muka shiga neman ko akwai wani talaka manomi na zamanin da, daga wannan ƙasa tamu, wanda sunansa ya shiga takarda tun yana da rai ko kusa da haka. Mun sami mutum ɗaya. Ba ɗan Takieta ba ne, amma maƙwabci ne na kusa, domin garinsu, Dambanas, masu bincike sun sa shi a ƙasar Kance, nan kudu da mu kan hanyar Matamaye. Sunansa Kwage. Ga abin da takardu suka riƙe game da shi, ga kuma yadda a ke bin sawun irinsa.

YADDA SUNANSA YA SHIGA TAKARDA

Kwage bai yi sarauta ba, bai ja ayari ba, bai bar littafi ba. Sunansa ya tsira ne ta bakin ɗansa, wani yaro da a ke kira Dorugu, wanda aka haifa wajen 1839 ko 1840. An kama yaron nan yana da kamar shekara goma sha ɗaya ko sha biyu, aka kai shi Zinder, daga can aka wuce da shi Kukawa, birnin Shehun Barno, inda ya faɗa hannun wani Balarabe. A lokacin akwai waɗansu Turawa a Kukawa waɗanda gwamnatin Ingila ta aiko su ga ƙasa. Ɗaya daga cikinsu, wani Bajamushe mai suna Adolf Overweg, wanda mutane su ke kira Tabib, shi ya fanshi Dorugu tare da wani saurayi Bamargi mai suna Abbega, ya 'yanta su. Da Tabib ya mutu a bakin tafkin Cadi cikin watan Satumba 1852, sai yaran biyu suka koma wurin abokin tafiyarsa, Heinrich Barth, wanda ƙasar Hausa ta sani da suna Abdul Karim.

Tare da Abdul Karim Dorugu ya sake ganin Zinder. Suka iso ran 25 ga Disamba 1852, suka tashi a ƙarshen Janairu 1853, suka yi yamma ta wannan shiyya tamu, suka bi ta Gazawa zuwa Katsina. Daga nan sai Sakkwato da Gwandu da Sayi, har Tambutu cikin Satumba 1853. Bayan sun komo ta Kano da Kukawa suka ƙetare hamada ta Bilma da Murzuk zuwa Tarabulus, suka sauka Landan cikin Satumba 1855.

A Ingila akwai wani malamin mishan, shi ma Bajamushe, James Frederick Schön, wanda ya ke ƙoƙarin koyon Hausa tun tafiyar da ya yi a kogin Kwara cikin 1841. Ya ɗauki Dorugu ya zaunar da shi a gidansa a garin Chatham, yaro yana faɗa, shi yana rubutawa: tatsuniyoyi, da kalmomi, da labarin rayuwarsa tun daga Dambanas. Da wannan taimako Schön ya buga littafin nahawun Hausa cikin 1862, da ƙamus cikin 1876, sa'an nan cikin 1885 ya buga Magana Hausa, wanda a cikinsa labarin Dorugu ya ke. Cikin 1971 waɗansu masana biyu, Anthony Kirk-Greene da Paul Newman, suka juya labarin zuwa Ingilishi tare da bayani. Shi kuwa Dorugu ya komo ƙasar baƙar fata cikin 1864, daga baya ya zauna Kano, ya koyar a makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawa, ya rasu cikin 1912.

Ku dubi ikon Allah. Da ba a kama yaron nan ba, da ba wanda ya san an taɓa yin wani Kwage a duniya. Masifar da ta watsa gidansa ita ce ta ajiye sunansa.

ABIN DA ƊANSA YA FAƊA

Dorugu ya fara labarinsa yadda kowane ɗan halal zai fara, watau da garinsu da iyayensa. Garin Dambanas, uba Kwage, uwa Kande, ɗan'uwa Hakurau. Ya ce ubansa sana'a biyu gare shi, yana kiɗa yana kuma noma, shi ma tun yana ƙarami ya ke bin sa gona. Ya faɗi yadda masu hari suka fara kama uwarsa Kande, gida ya zauna ba uwa. Daga baya mahaya suka sake faɗo musu, aka kama shi kansa, aka raba shi da ubansa da ɗan'uwansa.

Abin kaɗan ne, amma mai bin sawu ba ya raina ɗigon kashin akuya. Bari mu ɗauke su ɗaya ɗaya.

Na farko, shekarunsa. In an haifi Dorugu wajen 1840, muka kuma ƙiyasta cewa uban yana da shekara ashirin da biyar ko talatin a lokacin, to an haifi Kwage tsakanin 1810 da 1815 ke nan. Wannan lissafinmu ne, ba takarda ce ta faɗa ba, amma ba zai yi nisa da gaskiya ba. Ma'anarsa ita ce an haife shi 'yan shekaru bayan jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo na 1804, daidai zamanin da Sarki Sulaimanu ya mai da Zinder ta zama mazaunin sarautar Damagaram. Ya yi ƙuruciyarsa da aurensa a zamanin Sarki Ibrahim ɗan Sulaimanu, wanda ya hau cikin 1822.

Na biyu, kiɗan. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san makaɗi ba ya rasa wurin zuwa: gayyar noma, da biki, da suna, da dambe, da kokawa bayan kaka. Mutum ne wanda gari duka ya san shi ko da ya ke ba a sa shi sahun gaba. Kuma haɗa kiɗa da noma yana nuna mana cewa tun wancan zamani gona ita kaɗai ba ta riƙe ƙaramin gida shekara guda. Wata huɗu a ke yi a gona, sauran takwas sai mutum ya nemi abin haɗawa, ko saƙa, ko ƙira, ko jima, ko ganga. Ku da ku ke Kano da Ikko kuna ci-rani, ba ku kuka fara ba.

Na uku, harin sau biyu. Gida ɗaya, cikin 'yan shekaru, an taɓa shi har sau biyu. Wannan kaɗai ya isa ya gaya mana irin zaman da a ke yi a wannan yanki. Don mu gane dalili sai mu ajiye littafin Schön mu ɗauko waɗansu.

ƘASAR DA YA ZAUNA

A zamanin Kwage, Damagaram tana ƙarƙashin Barno. Sarkin Damagaram yana aika gaisuwa Kukawa wurin Shehu Umar ɗan Shehu Laminu, wanda ya gaji ubansa cikin 1837, kuma bayi suna cikin abin da a ke aikawa. Shehu yana da wakilinsa zaune a Zinder, wani Sharifi mutumin Fas, wanda Turawan da suka sauka garin suka ambata.

Ta kudu kuwa ga ƙasashen da suka bi tutar Sakkwato: Kano, da Katsina, da Daura, da Kazaure. Sarakunan Haɓe da jihadi ya kora ba su yi nisa ba. Na Katsina suka kafa Maraɗi, Tasawa kuma tana hannun danginsu. Na Daura suka zauna Zango da Baure, suna jingine da Damagaram. Kowa yana da hakkin da ya ke nema wurin wani, kowa yana da dawaki.

To, ku ɗauki taswira ku duba inda Kance ta ke, da Korgom, da mu nan Takieta. Muna tsakiyar waɗannan duka. Ƙasa ce mai albarkar gero, mai ruwa kusa a fadamu, amma bakin iyaka ce, kuma mazaunin bakin iyaka shi ne ciyawar da giwaye su ke takawa in suna faɗa. In gari ya jinkirta gaisuwa, ko aka zarge shi da karkata wajen Katsina ko Daura, ya isa dalilin hawa. In ma ba dalili, ana iya nemo shi.

GONA DA HARAJI

Aikin gonar Kwage ba sai mun nemi Bature ya gaya mana ba, domin iyayenmu da ke karanta wannan takarda da hannunsu suka yi irinsa. Sharar gona da bazara, shuka da sungumi in ruwan fari ya sauka, noman fari, maimai, sa'an nan girbi da ɗaurin dami da kai wa rumbu. Gero da dawa, wake a tsakani, ɗan fegin auduga don mata su kaɗa zare. Abin da takardu su ke ƙara mana shi ne inda hatsin ya ke zuwa bayan ya bar rumbu.

Kowace shekara ayarin Buzaye, musamman Kel Ewe na Abzin, ya kan ɗauko gishiri da dabino daga Bilma da Fashi, ya sauko Damargu da Damagaram har Kano, ya koma da gero da tufafi. Tare da irin wannan ayarin gishiri, na wani babban Buzu mai suna Annur, Abdul Karim da abokansa suka sauko daga Abzin a ƙarshen 1850. Wani masani, Stephen Baier, ya rubuta littafi cikin 1980 kan tattalin arzikin wannan yanki, inda ya nuna yadda makiyayin hamada da manomin kudu su ke rayuwa da juna: wancan ba ya da hatsi, wannan ba ya da gishiri. Watau damin geron ƙaramin manomi kamar Kwage yana iya ƙarewa a tukunyar wani gida a Bilma, tafiyar wata guda da ɗoriya.

Game da haraji, akwai zakka, dami ɗaya cikin goma, akwai kuma kuɗin ƙasa da a ke biya da wuri. Abdul Karim ya rubuta lissafin da ya samu a Kano cikin 1851. Ya ce kowane mai gida yana biyan wuri 2,500 kuɗin ƙasa a shekara, kuma wuri 2,500 ɗin nan su ne canjin riyal ɗaya na azurfa a kasuwar Kano. Ya kuma ce da wuri 50,000 zuwa 60,000 iyali guda za su ci su sha su yi sutura shekara ɗaya ba matsi. Wannan lissafin Kano ne, amma kasuwanninmu da nasu a haɗe su ke, wuri ɗaya a ke ƙirgawa, saboda haka ya isa ma'auni. In kun raba za ku ga kuɗin ƙasa bai wuce kashi ɗaya cikin ashirin na abin da gida ya ke ci ba.

Ashe harajin da a ke iya ƙirgawa ba shi ne babban nauyin ba. Nauyin yana wurin abin da ba shi da ƙa'ida: gaisuwar hakimi, da ciyar da rundunar da ta sauka gari, da aikin ganuwa, da kuma wanda ya fi duka, ranar da mai karɓar haraji zai zo ya ɗauki mai biyan harajin da kansa.

SHAIDAR WANI BAƘO A ZINDER

Shugaban tafiyar su Abdul Karim wani Baturen Ingila ne, James Richardson, wanda a ke kira Yakubu. Da suka iso Damargu cikin Janairu 1851 sai suka rabu, Abdul Karim ya nufi Tasawa da Katsina da Kano, Tabib ya nufi Maraɗi da Gobir, Yakubu kuwa ya shiga Zinder ran 14 ga wata. Ya yi kusan wata guda a garin yana rubuta abin da ya gani kowace rana. Bai kai Kukawa ba, ya mutu a hanya a wani gari Ngurutuwa ran 4 ga Maris 1851, amma takardunsa suka isa Landan aka buga su cikin 1853.

A cikin kwanakin nan nasa Sarki Ibrahim ya hau ya tafi hari wajen Korgom. Yakubu ya rubuta cewa fatake suna bin Sarki bashi mai yawa, kuma abin da a ke faɗa a gari shi ne da bayin da za a kamo za a biya. Ya rubuta cewa harin irin wannan ba ya tsayawa kan abokan gaba, har garuruwan da ke ƙarƙashin Barno a kan taɓa. Ya ga dawowar rundunar da idonsa, ya ga an shigo da kamammu gari, da ƙananan yara da mata da tsofaffi.

Yanzu ku ajiye wannan kusa da labarin Dorugu. Korgom ba ta da nisa da Kance. Shekarun sun yi kusa ƙwarai. Ba mu ce harin da Yakubu ya gani shi ne wanda ya ci gidan Kwage ba, domin hare-haren suna da yawa. Amma ga mutum biyu waɗanda ba su haɗa baki ba, ɗaya Bature yana kallo daga cikin birni, ɗaya yaron ƙauye wanda aka shigo da irinsa a ɗaure, kuma maganarsu ta zo ɗaya. A wurin alƙali ma shaidu biyu su ke tsai da magana.

Mun san wannan ba ta da daɗin ji. Sarautar Damagaram tamu ce, muna girmama ta, kuma ita ce ta tsare ƙasar nan daga hannun waɗansu. Amma ba sabon zance ba ne a wurin malamai. Tun cikin 1615 Shehu Ahmad Baba na Tambutu ya ba da fatawa cewa bai halatta a bautar da ɗa Musulmi ba, ya kuma ambaci Barno da Kano da Katsina cikin ƙasashen Musulmi. Da abin ba ya faruwa, da ba a tambaye shi ba. Faɗin abin da ya auku ba zagin kowa ba ne. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

A AUNA KOWANE SHAIDA

Ba duk abin da ke cikin littafi ne gaskiya ba, kamar yadda ba duk abin da tsoho ya faɗa ne ƙarya ba. Kowane shaida sai an duba inda ya tsaya.

Dorugu yana da kamar shekara goma sha shida sa'ad da ya ba da labarinsa, yana tuna abin da ya gani da idon yaro, a ƙasar da ba mai gyara masa. Yaro ya kan riƙe suna da fuska da tsoro, ba ya riƙe shekara ko dalilin sarakuna. Schön kuma da kunnen Bajamushe ya ke ji, bai rarrabe ka da ƙa, ko da da ɗa ba, don haka sunayen da ya rubuta sai a yi hattara da su. Shi kansa sunan yaron, Abdul Karim wani iri ya rubuta shi, Schön wani iri. Yakubu mutum ne wanda ya ba da rayuwarsa ga yaƙi da cinikin bayi, abin da ya zo nema ke nan, kuma ta bakin tafinta ya ke jin yawancin magana. Abdul Karim ya ji Larabci da Hausa da Barbarci, ya fi su duka kula da lissafi, amma baƙon sarakuna ne, a gidajensu ya ke sauka.

Saboda haka hanyar ita ce a jera su. Inda suka haɗu a riƙe da ƙarfi. Inda ɗaya kaɗai ya faɗa a riƙe da sauƙi. Inda mu muka cike da hankalinmu, kamar lissafin shekarun Kwage, a faɗa a sarari cewa namu ne.

BAYAN KWAGE

Bayan Ibrahim, ɗan'uwansa Tanimun ya riƙe ƙasa kimanin shekara talatin har rasuwarsa cikin 1884. Shi ya gina ganuwar Birni, a zamaninsa aka ƙera igwa a Zinder, fatauci da Tarabulus ya bunƙasa. Tarihi ya riƙe wannan duka, bai riƙe sunan ko ɗaya daga cikin waɗanda suka ɗauki ƙasar ginin a ka ba. Cikin Mayu 1898 aka kashe Kyaftin Cazemajou a Zinder. A ƙarshen Yuli 1899 aka yi karon Tirmini, nan gabas da mu, sojan Faransa suka ci rundunar Amadu Kuran Daga suka shiga birni.

Nasara sun zo da alƙalami, amma su ma ba manomi su ke nema ba. Sa'ad da ayarin Tilho ya zo shata iyaka tsakanin Faransa da Ingila daga 1906 zuwa 1909, tafintansu Landeroin ya tattara tarihin garuruwa da yawa na wannan ƙasa. Aiki ne mai amfani har yau, sai dai wurin sarakuna da fadawa ya zauna, abin da ya samu kuwa jerin sarauta ne da yaƙe-yaƙe. Sai daga baya, da aka shiga ƙidayar gida gida saboda lanho, sunan talaka ya fara shiga rajista da yawa. Watau ranar da hukuma ta fara rubuta sunan kakanninmu, don ta karɓa ne. Irin waɗannan takardu suna ajiye a gidan adana takardun ƙasa a Yamai, waɗansu a Dakar, waɗansu a Aix cikin Faransa. Amma mutanen zamanin Kwage sun riga sun kwanta dama kafin a buɗe rajistar.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Darasi na farko ya shafi zamanmu da juna. Har yau in magana ta yi zafi, ko in zancen aure ya taso, a kan ji wani ya yi wa wani gorin asali. Faransawa sun yi dokar hana cinikin mutane cikin Disamba 1905, amma harshe bai bi doka ba. Duk mai shirin yin irin wannan gori ya tuna da gidan Kwage. Da safe 'ya'ya ne, suna da gonarsu da gangarsu, kafin rana ta faɗi ɗansu yana hanyar kasuwa. Tsakanin wanda aka kama da wanda ya tsira ba wani abu sai gudun doki da inda dare ya riski mutum. Kuma yaron nan da aka sayar, shi ne wanda bakinsa ya zama harsashin ƙamus ɗin Hausa na 1876.

Darasi na biyu aiki ne. Kwage ya sami ɗa mai ba da labari da baƙo mai rubutawa. Kakanninmu ba su sami wannan ba, sai in mu muka zama musu. An taɓa yi an ga amfani. Wata tsohuwa a ƙasar Zazzau, Baba ta Karo, ta zauna da wata Baturiya, Mary Smith, cikin 1949 da 1950, ta ba ta labarin gidansu da gonakinsu da hare-haren zamanin ƙuruciyarta. Ta rasu cikin 1951, littafin ya fito cikin 1954, har yanzu ana karanta shi a jami'o'in duniya. Da an jinkirta shekara biyu, da shi ke nan. A nan gida ma, André Salifou, ɗan Zinder, da ya rubuta tarihin Damagaram cikin 1971, bai tsaya kan takardun Nasara kaɗai ba, ya nemi abin da mutanen ƙasa suka riƙe.

Don haka muna roƙon kowane ɗan ƙungiya da zai zo gida bana, ko da salla ko da kaka, ya sayi littafin rubutu guda, ya zauna da tsohon gidansu da tsohuwar gidansu, kowa dabam. Kada a manta da mata, su suka fi riƙe sunaye da aure da wanda ya haifi wa. A tambayi sunan kaka da kakan kaka da laƙabinsu. A tambayi garin da suka fito da abin da ya tashe su. A tambayi gonar da suka fara sara, da itacen da ke kan iyakarta, da wanda ya haƙa rijiyar unguwa, da sana'ar da su ke yi da rani. In tsoho bai san shekara ba, kada a matsa masa, a tambaye shi abin da ya faru kusa da lokacin. Ga ma'auni: Tirmini 1899, yunwar Kakalaba 1913 zuwa 1914, ƙaurar babban birni daga Zinder zuwa Yamai 1926, mulkin kai 1960, farin 1973, da El-Buhari 1984. Mai waya ya ɗauki muryar, amma ya rubuta kuma, domin waya ta kan faɗa ruwa. A rubuta da boko ko da ajami, duk wanda hannu ya fi sabawa da shi, a sa sunan mai faɗa da ranar da ya faɗa.

In an tarar da tsohuwar takarda a gafaka ko a ƙasan adaka, ta rabon gado ce, ko wasiƙa, ko rasit ɗin lanho, kada a yar, kada a sayar wa mai yawo. A ɗauki hotonta a mai da ita inda ta ke. A Yamai akwai sashen ajiyar rubuce-rubucen Larabci da ajami a cibiyar IRSH ta jami'a, inda a ke da masu iya karanta tsohon hannu. Banda tarihi ma, kowa ya san yawan shari'ar gona da a ke yi yau don waɗanda suka san iyaka sun tafi ba a tambaye su ba.

Abin da aka tattara a kawo wa magatakardan ƙungiya, mu kuma za mu riƙa fitar da shi a wannan takarda gida gida, da yardar masu shi. Abin da iyali suka ce sirrinsu ne, ya zauna sirri.

Dattijon da ya yi tambaya, Baba, ga amsarka ta fari: Kwage na Dambanas, mijin Kande, uban Dorugu da Hakurau, manomi kuma makaɗi. Saura na Takieta, waɗannan kuwa suna bakinku, mu masu alƙalami muna jira.

Allah ya jiƙan magabatanmu, waɗanda muka san sunansu da waɗanda ba mu sani ba. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya komo da matafiya gida lafiya. Amin.

Wassalam.